Red Rock Canyon, Valley of Fire ko Zion: wace hanyar jan dutse za ka bi daga Las Vegas?

Duk wanda taro ko kasuwanci ya kai shi Las Vegas, a jihar Nevada ta Amurka, ya kuma sami yini guda babu aiki, idan ya tambayi inda zai ga jajayen duwatsun yankin da mota sunaye uku za a ba shi: Red Rock Canyon, Valley of Fire da Zion. Hanyoyin ukun duk kwalta ce lafiyayya, ƙaramar motar haya ta wadatar, kuma a hoto kusan kamarsu ɗaya. A ƙasa kuwa ba haka abin yake ba. Ɗaya rabin yini take ci, ɗaya yini cur, ta uku kuma sai da kwana. Abu biyu ke raba gardama: awoyin da ke hannunka da watan da ka je.

Dutsen kansa dangi ɗaya ne. Shekaru kusan miliyan 180 da suka wuce yankin nan duk hamada ce mai tuddan rairayi. Rairayin ya danne juna, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya liƙe shi ya zama dutse, ƙarfen da ke cikinsa ya yi tsatsa ya ba shi ja. Inda ruwa ya wanke ƙarfen sai dutsen ya fito fari ko ruwan ƙwai. A Nevada masana na kiransa Aztec, a Utah kuma Navajo. Saboda haka ba launi za ka zaɓa ba. Abin zaɓa shi ne yadda hanya ta bi da kai: ta gefen dutsen, ta cikinsa, ko ta hau da kai kansa.

Red Rock Canyon: kusa, amma da sharaɗi

Wannan ita ce ta bakin gari. Daga unguwar manyan otal-otal zuwa ƙofar shiga kilomita 27 ne, tafiyar kamar rabin awa. Ka kama titin Charleston ka miƙe yamma har ya fita gari ya zama hanya mai lamba 159. Hukumar kula da filaye ta gwamnatin tarayya, BLM, ke riƙe da wurin, kuma tun 1990 aka ba shi matsayin yankin da ake karewa.

Hanyar yawon kilomita 21 ce, mil 13 a allunansu, kuma hannu ɗaya take tafiya. Wannan shi ne abu na farko da ke ba baƙo mamaki. In ka wuce wurin tsayawa ka wuce ke nan, babu juyawa, babu ribas. Mafitar ma tana can gaba a kan hanya ta 159, kilomita 3 ko makamancin haka daga ƙofar da ka shiga. Iyakar gudu mil 35 ne, wato kilomita 56 a awa, kuma masu kekuna da masu gudun motsa jiki suna raba kwaltar da kai. Wanda bai tsaya ko'ina ba zai fita cikin minti 40. Wanda zai tsaya wuri huɗu ko biyar ya taka ƙafa kaɗan, ya ware awa 3.

Sharaɗin shi ne izinin shiga na lokaci. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, duk motar da za ta shiga tsakanin ƙarfe 8 na safe da 5 na yamma sai ta riƙe lokacinta tun a intanet, a shafin Recreation.gov. Kuɗin mota dala 20 ne, sai dala 2 na riƙe lokacin. Ana buɗe sayarwa kwana 30 kafin ranar, kuma safiyar Asabar da Lahadi ta fi saurin ƙarewa. Mutane da yawa na isa ƙofa da niyyar saye nan take a waya, sai su tarar sabis ya yi rauni, motoci kuma sun yi layi a bayansu. Ka saya tun a masauki ka ɗauki hoton shaidar ka ajiye a waya. Akwai kuma dabarar da ba ta saɓa doka ba: ƙofa na buɗewa ƙarfe 6 na safe, wanda ya shiga kafin 8 ba a neman izinin lokaci a wurinsa, kuɗin mota kawai zai biya.

Sammakon nan yana da wata riba. Babban bangon dutsen, wanda tsayinsa ke kai mita 900, gabas yake fuskanta. Da hantsi rana na dukansa gaba da gaba, layukan ja da fari su fito sarai. Da la'asar rana ta koma bayansa sai ya zama duhu-duhu, hoton ma ba ya fita. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen 4:30 a Las Vegas, a nan kuwa bangon yana rufe ta tun kafin haka.

Ja mafi kyau a farkon hanya yake, a tuddan Calico, cikin kilomita 4 na farko. Wuraren tsayawa biyu ne a jere, Calico I da Calico II, sannan Sandstone Quarry inda aka taɓa fasa dutsen gini, har yanzu manyan tubalan da aka yanka suna nan zube. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga motoci sun cika Calico I ya ce bari ya tsaya a gaba, ya tarar gaban ma cike, sai ya wayi gari ya bar jan dutsen a bayansa. In ka ga gurbi a ɗayan ukun nan, shiga. Daga Sandstone Quarry sawun Calico Tanks ke tashi, kusan kilomita 4 zuwa da dawowa, da 'yar hawa kan dutse da hannu, a ƙarshensa kana hango birnin gaba ɗaya a ƙasa.

Daga nan hanya ta yi ta hawa zuwa High Point, kimanin mita 1,450 sama da teku, sannan ta gangaro ta gaban bakunan kwazazzabai: Willow Spring, Ice Box, Pine Creek. A wannan sashe ka lura da wani abu da ba za ka gani a sauran wuraren biyu ba. Dutse mai launin toka yana zaune a kan jan dutse, alhali tokan ya girmi jan da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Motsin ƙasa ne, shekaru kusan miliyan 65 da suka wuce, ya turo tsohon ya hau kan sabon. Masana na kiran tsagin Keystone, kuma tokan nan mai tauri shi ya zama hular da ta kare jan dutsen daga zaizayewa.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa game da Red Rock ita ce, ban da Calico, yawancin tafiyar daga nesa kake kallon dutsen. Hanyar na zagaya wani faffadan fili ne mai ƙananan ciyayin hamada, bango kuma na can gefe. Kwazazzaban sai da ƙafa ake shigarsu. Ga mai son tafiyar ƙasa wannan ba aibi ba ne. Ga wanda ya ɗauko tsofaffi ko ƙananan yara da ba za su sauka ba, rabin daɗin ya tafi.

Valley of Fire: inda kwalta ke ratsa dutsen

Nan kuwa dutsen yana gefen madubin motarka. Daga Las Vegas kusan kilomita 85 ne, awa guda: ka hau babbar hanyar I-15 ka yi arewa, ka sauka a mahaɗa mai lamba 75, sannan kilomita 20 da ɗoriya a kan siririyar hanya cikin fako mai launin toka da ba ya nuna alamar komai. Sai ka haura wani tudu ka gangaro, ja ya buɗe a gabanka gaba ɗaya. A mahaɗar 75 akwai babban gidan mai na ƙabilar Moapa Paiute. Ka cika tanki ka sayi ruwa a nan, domin a cikin gandun babu mai.

Gandun na jihar Nevada ne, shi ne mafi tsufa cikin gandayenta, tun shekarun 1930. Babu izinin lokaci ga mai yawon yini. Kuɗin shiga dala 10 ne ga mota mai lambar Nevada, dala 15 ga mai lambar wata jiha, kuma lambar motar ake dubawa, ba fasfo ba. Motocin haya da yawa a Las Vegas lambar wasu jihohi ke jikinsu. Ana buɗewa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Bayan faɗuwar rana masu kwana a sansani kaɗai ke da izinin zama.

Hanyoyi biyu ne a ciki. Babbar ta ratsa daga ƙofar yamma zuwa ta gabas, kimanin kilomita 17. A kanta akwai Beehives, duwatsu masu layi-layi a dunƙule, da Atlatl Rock inda aka kafa matakalar ƙarfe don a hau a ga zanen da mutanen farko suka sassaƙa a jikin dutse, da Seven Sisters mai teburan cin abinci, sai Elephant Rock dab da ƙofar gabas. Duk suna da kyau, amma ba su ne dalilin zuwa ba.

Dalilin zuwa ita ce hanya ta biyu, wadda ta rabu daga babbar hanyar ta yi arewa zuwa White Domes, kusan kilomita 9, daga nan kuma ta ƙare sai dai a juyo. Kilomita 3 na farko kwaltar na hawa tsakanin bangwaye biyu na jan dutse da suka matso kusa, dutsen duk ramuka-ramuka da iska da ruwa suka ƙwaƙule. Da ka wuce Rainbow Vista sai fili ya buɗe, launi ya sauya: ruwan hoda, fari, rawaya, wani wurin har da shunayya-shunayya, kwaltar na nitsewa tana tasowa a kan tuddai. Da yake za ka koma ta inda ka zo, sau biyu za ka gan ta, kuma dawowar ba ta kama da zuwan domin hasken ya juya. Awa biyun ƙarshe kafin magariba su ne lokacinta.

A nan ake ɗaukar hoton nan da ya cika intanet, mutum tsaye a tsakiyar titi. Kada ka yi. Tuddan suna ɓoye motar da ke tafe har sai ta iso, kuma ba a yarda a yi fakin a gefen hanya ba sai a wuraren da aka ware.

Sawayen ƙafa gajeru ne, wannan ma wani fifiko ne a kan Red Rock. Mouse's Tank bai wuce kilomita 1.2 ba zuwa da dawowa, amma rairayi ne mai taushi da ke cinye ƙafa, bangon hagu da dama cike da tsofaffin zane. Fire Wave kusan kilomita 2.4 ne, daga wurin fakin na uku, zuwa wani dutse mai layukan ja da fari a murɗe. White Domes zagaye ne na kilomita 1.8 da ke bi ta wani tsagi mai ƙunci wanda za ka taɓa bangwayensa biyu da hannuwanka. Ragunan dutse masu murɗaɗɗun ƙaho kan sauko har bakin titi, musamman kusa da ofishin baƙi. Ka rage gudu, ka bar su su wuce.

In lokaci ya ba ka dama, kada ka koma ta I-15. Ka fita ta ƙofar gabas ka kama Northshore Road, wadda ta bi ta yankin tafkin Mead har zuwa Henderson, garin da ke manne da Las Vegas. Ta fi tsawo, motoci kaɗan ne a kanta, akwai wasu jajayen duwatsun a Redstone. Sai dai yankin na gwamnatin tarayya ne, yana da nasa kuɗin shiga dala 25, kuma ba hanyar da za a bi da rabin tanki ko bayan duhu ba ce.

Watan da ka je

A nan lissafin ke juyewa. Valley of Fire tana ƙasa-ƙasa, tsayinta kusan daidai da na Las Vegas, babu inuwa, dutse da rairayi kuma suna mayar da zafi sama. Daga Yuni zuwa Agusta digiri 43 ba labari ba ne. Las Vegas kanta ta kai kusan digiri 49 ranar 7 ga Yuli, 2024. Mutane sun mutu a sawayen gandun nan, shi ya sa a 'yan shekarun nan hukuma ke rufe Fire Wave da White Domes da wasu sawayen daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba. Hanyar mota na nan a buɗe, amma wanda ya zo don Fire Wave a watan Yuli ya yi asarar tafiya.

Red Rock ta fi ta tsayi: ofishin baƙinta yana sama da mita 1,100, hanyar kuma na ƙara hawa, don haka takan fi sanyi da digiri uku zuwa biyar. Kwazazzabon Ice Box yana da inuwa kusan duk yini. Ga shi kuma daga Yuni zuwa Satumba ba a neman izinin lokaci. Da bazarar can, wato a waɗannan watannin, Red Rock da asuba ita ce zaɓi, a fita kafin ƙarfe 10.

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri zai ce ai ya san zafin Afrilu. Ya sani, amma a gida ya san zafin da bishiya a kusa da mai ruwan sanyi a bakin titi. Nan babu ko ɗaya, iska kuma bushe take ƙayau, gumi na ƙafewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi ba. Ƙa'idar masu gadin daji ita ce galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a yini, da ɗan abin ci mai gishiri. In ruwan hannunka ya kai rabi, juyo, ko da abin da ka zo gani yana gabanka. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamun farko ne. Wanda ya fara ruɗewa a magana, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a kira 911, lambar agajin gaggawa, da zarar an sami sabis. Ka ƙara gora guda don alwala, domin bayan gidan da ke wuraren fakin na rami ne, babu famfo. Alƙibla daga yankin tana arewa maso gabas, ta fi karkata arewa, gara ka duba ta tun kana gari.

Daga Yuli zuwa Satumba kuma lokacin hadarin bazata ne. Ruwa kan zuba a kan tsauni can nesa, rana na haske inda kake, sai busasshiyar ƙorama ta cika cikin mintuna, domin dutse ba ya shan ruwa. Hanyoyin Red Rock da Valley of Fire duk suna tsallake irin waɗannan ƙoramu, wani lokaci har a rufe su. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota. In ka ga ruwa a kan kwalta, tsaya ka jira ya janye. Bayan ruwan sama dutsen yashin nan kan yi rauni ya riƙa ɓantarewa, don haka ba a hawansa sai ya bushe kwana ɗaya ko biyu.

Zion: ta fi su girma, amma ba ta yini guda ba ce

Zion tana jihar Utah, kusan kilomita 260 daga Las Vegas, awa biyu da rabi in hanya ta yi kyau. Agogon Utah yana gaba da na Nevada da awa guda, wanda ya tashi ƙarfe 6 zai isa 9:30 a agogonsu, lokacin da filin fakin na ofishin baƙi yakan riga ya cika. Sannan babban kwazazzabon, mai zurfin da ke kai mita 800, ba a shigarsa da motar kai daga kusan Maris zuwa Nuwamba. Tun shekarar 2000 bas ɗin gandu ake hawa.

Abin da ya rage wa mai tuƙi ita ce hanyar Zion zuwa Mount Carmel, wadda aka gama a 1930, kuma a tuƙi zalla ta fi sauran biyun. Kwana shida masu kaifi suna hawa da kai jikin bango, sannan ka shige ramin da aka huda cikin dutse, tsawon kilomita 1.8, babu fitilu a ciki sai tagogin da aka fasa a gefe. Kunna fitilar mota, cire baƙin tabarau kafin ka shiga, kuma ba a tsayawa a ciki. Da ka fito gabas akwai sawun Canyon Overlook, kilomita 1.6 zuwa da dawowa, amma wurin fakinsa ƙarami ne ƙwarai. A gangarowa ka sa giyar ƙasa, L ko 2 a mota mai sauya giya da kanta; wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai ji ƙauri kafin ya kai ƙasa, birkin kuma ya yi laushi. Motar da faɗinta ya kai mita 2.4 ko tsayinta mita 3.4 ba ta dace da ramin ba, kuma hukumar gandun ta sanar da hana irinsu bin hanyar daga tsakiyar 2026. Mai shirin hayar motar kwana ya auna ta tukuna.

Kuɗi ma ya sauya. Mota dala 35 ce na kwana bakwai, amma daga 1 ga Janairu, 2026, baƙon da ba mazaunin Amurka ba, ɗan shekara 16 zuwa sama, yana ƙara dala 100 a gandaye 11 da suka haɗa da Zion. Mata da miji sun tashi a dala 235 ke nan. Katin shekara na gandayen tarayya dala 250 ne ga baƙo, dala 80 ga mazaunin ƙasar, yana ɗaukar duk waɗanda ke cikin motar, yana kuma aiki a Red Rock da tafkin Mead. A Valley of Fire ba ya aiki, domin ita ta jiha ce. Awa biyar na tuƙi da wannan kuɗi don yawon awa uku ba ciniki ba ne. Zion ta wanda zai kwana a Springdale ce, garin da ke bakin ƙofarta, ko wanda zai zarce Bryce Canyon, wani gandun a Utah.

Motar hayar kanta

Kafin ka bar harabar kamfanin haya, buɗe but ka duba ko akwai safaya, domin motoci da yawa yanzu babu ita. Yarjejeniyar haya galibi ta hana bin hanyar da ba kwalta, inshora kuma ba ta biyan abin da ya faru a can. Wannan ya shafi Rocky Gap Road da ke tashi daga Willow Spring: a taswirar waya hanya ce, a ƙasa kuwa duwatsu ne da sai mota mai tsayin ƙafa da ke ja da taya huɗu. In allurar zafin inji ta fara hawa a kan tudu, kashe na'urar sanyaya mota, tsaya a wuri mai faɗi, kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Sauke taswirar yankin a waya tun a masauki. Kada ka bar jaka ko fasfo a kan kujera a wuraren fakin na Red Rock, ana fasa gilashi. Jakunan jeji da ke tsayawa a bakin hanya ta 159 kuwa suna cizo suna harbi, ba su abinci ma laifi ne mai tara.

To, wace ce? Daga Oktoba zuwa Afrilu, in kana da awa shida ko fiye, Valley of Fire ce, ba shakka, musamman in akwai waɗanda ba za su sauka daga mota ba: ka tashi bayan azahar a watannin da yini ke da tsawo, ko da hantsi a hunturu, ka bar hanyar White Domes ta zama ta ƙarshe. In safiya ɗaya gare ka kafin jirgi, ko bazara ce, ko kuma tafiyar ƙasa mai nisa kake so, Red Rock ce, kuma ka kasance a ƙofa kafin ƙarfe 8. Haɗa biyun a yini ɗaya yana yiwuwa a Maris, Afrilu da Oktoba: Red Rock da asuba, a koma gari a ci abinci a yi salla, sannan a kama I-15 kafin ƙarfe 1:30. A Disamba da Janairu kada ka gwada, hasken ba zai kai ka White Domes ba.